Leda Ɗaya da Rabi

Shekara talatin da ɗaya Baba na tuƙa tankar ruwa
daga Asawase zuwa Tafo, wata rana har Ejisu.
Da bayan yatsa yake ƙwanƙwasa tanki
ya faɗa maka inda ruwa ya tsaya.
Daren Laraba ruwan ya biyo shi gida.

Kwanciya ta gagara.
Jijiyoyin wuyansa suka miƙe
kamar tiyon da mota ta taka.
Tasin Mumuni ta kai mu Komfo Anokye,
kansa a kafaɗata,
cikina na wata bakwai ya tokare tsakaninmu.

Likita Serwaa ta kafa abin sauraro a ƙirjinsa.
Ta daɗe.
Ta ce zuciyar na amsawa daga nesa,
kamar mai kira daga gindin rijiya.
Ta faɗa da Turanci, ta maimaita da yaren Ashanti,
ni na mayar masa da Hausa,
na zubar da rabin maganar a hanya.

Sai aka gunguro na'ura mai ƙafa huɗu.
Na san ta.
Da irinta aka nuna min ɗana makon jiya,
da man nan mai sanyi, mai yauƙin kuɓewa.
Allon ya haska, toka-toka,
ga wani abu a tsakiya yana lilo,
baƙi ya zagaye shi.
Na kusa cewa: ga kansa nan.

Ta ce baƙin nan ruwa ne.
Zuciya tana da riga, rigar ta cika,
ta matse mai ita har ba wurin buɗewa.

Suka jingina shi, ba zaune ba, ba kwance ba.
Allurar kashe zafi ta fara shiga,
sannan doguwar, ƙasan ƙashin ƙirji.
Likita ba ta kallon hannunta.
Idonta na kan allo, hannun na bin idon,
yadda Baba ke shiga lungun Aboabo da baya
yana kallon madubi kaɗai.

Ɗigon fari ya bayyana a cikin tokar,
yana matsawa kaɗan,
ya tsaya,
ya ƙara.
Tsakaninsa da naman da ke bugawa
bai kai faɗin yatsa ba.
Na karanta duk abin da ya zo bakina,
har addu'ar shiga kasuwa.

Ɗan cikina ya yi shuri.

Sirinji ya fara cika,
ruwa kalar shayin da ba a sa wa madara ba.
Nas Fulera na juyewa a kwano, tana ƙirgawa a fili.
Na uku. Na bakwai. Na goma sha biyu.
A allo baƙin ya yi ta janyewa
kamar kududdufi bayan azahar,
zuciyar ta daina lilo, ta zauna,
ta miƙe ƙafa a ɗakinta.

Baba ya ja numfashi tun daga ƙasa,
irin wanda rabona da ji tun ƙaramar salla.
Ya buɗe ido, ya ce: nawa aka samu?
Fulera ta ɗaga kwanon.
Ta ce ledar ruwan sha ɗaya da rabi, Alhaji.

Ya dubi kwanon, ya dubi silin.
Ya ce: ni da nake ɗaukar lita dubu goma a bayana,
wannan ne zai kayar da ni?
Ko kuɗinsa ba zan karɓa ba.

An bar masa siririn bututu manne da filasta.
An kai ruwan ɗakin gwaji;
sai Litinin za mu ji daga ina ya ɓullo,
ko zai dawo.
Ban fassara masa wannan ba tukuna.

Da asuba na same shi a farke,
yana ƙwanƙwasa ƙirjinsa da bayan yatsa,
a hankali, ya karkata kunne.